Ranar Da Batulu Ta Ci Shari'a

Tun daga gadar Mararaba motoci suka tsaya cik, kamar kullum. Manniru ya dubi agogon hannunsa. Bakwai saura kwata, kotu kuma sai tara take zama.

"Za mu isa da wuri," ya ce. "Har mu riga alƙalin."

Batulu na bayan motar, ta tokare mahaifiyarta, Inna Yelwa, da kafaɗa don kada birki ya kifar da ita. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikin Inna na hagu ya shanye. Baki ya dawo, hankali garau, amma hannu da ƙafa sun ƙi.

Kwana tara da suka wuce masinjan kotu ya iske Batulu a rumfarta ta sayar da abinci a bayan Sakatariya, tana zuba wa ma'aikata miyar kifin da ta sayo a kasuwar Kado. A gaban mutane ya miƙa mata sammaci. Tsohon mijinta, Nazir, shi ya kai ƙara, yana neman a karɓi 'yarsu Sumayya daga hannunta, don ya ji za ta yi aure.

Bai ji ƙarya ba. Ranar Asabar za a ɗaura, ita da Manniru, wanda kullum a rumfarta yake cin abinci. Yau Talata.

Sumayya na da wata takwas Nazir ya aiko wa Batulu da takardar saki, direbansu ne ma ya kawo. Yanzu yarinyar ta shekara biyar, sau uku kacal uban ya taka ya zo ganinta.

Da sammacin ya zo, Batulu ta je wajen limamin unguwarsu tana kuka. Ya ce mata, "Share hawayenki. Idan uwa ta yi aure, riƙo wajen tata uwar yake komawa, ba wajen uba ba. Ki tafi kotu da Inna."

Shi ya sa aka ɗauko tsohuwa tun da sassafe, aka bar Sumayya wajen Rosemary, abokiyar rumfar Batulu.

A gaban motar akwai wani ambulan ruwan ƙasa, kumbure. Batulu ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, mene ne a ciki?"

Manniru ya yi murmushi ta madubi. "Makamina ne. Shekarata goma sha shida a ma'aikatar ayyuka, Batulu. Wanda ya zo da takarda da hoto shi ke tashi da gaskiya."

Ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Akwai abin da take so ta roƙe shi tun jiya, amma ta rasa ta ina za ta fara. Yaya za ta ce da mutumin da ko kifi aka ƙara masa a kwano bisa kuskure sai ya faɗa, ya yi shiru a kan ciwon Inna?

Takwas da 'yan mintoci suka isa kotun yankin, babu kowa sai mai shara. Manniru ya durƙusa ya ɗauki Inna cak. Ta ja mayafi ta rufe fuska, tana faɗin, "Yau na ga ta kaina, suruki ya ɗauke ni kamar buhun gero."

"Ai ban zama ba tukuna, Inna. Sai Asabar za ki fara jin kunyata."

Ya ajiye ta a bencin mata na gaba. Batulu ta gyara mata zama, ta jingina ta da bango, ta ɗauki matattcen hannun ta kwantar a cinyarta, ta lulluɓe shi da babban mayafi. Wanda ya shigo ya gan ta, dattijuwa zai gani mai natsuwa, ba wani abu ba.

Ta fito baranda ta sha iska, sai ga wata baƙar jif ta shigo. Nazir ya fito da farar shadda, ya ƙara ƙiba, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

"Batulu."

"Abban Sumayya. Ina kwana."

"Kin rame."

"Aiki ne."

Ya matso ya rage murya. "Ni ba na son wannan tonon silili. Saki ɗaya ne tsakaninmu. Hajiyarmu ma ta sauko, ita da bakinta ta ce gidan ya yi mata faɗi. Ki dawo Maitama, a ɗaura sabo, ki zauna da 'yarki. Yanzu sai in ce da lauya ya janye."

"Shekara huɗu da wata huɗu ba ka san saki ɗaya ba ne, sai da ka ga katin aurena?"

"Ba zan bar 'yata ta tashi tana kiran wani ƙato Baba ba."

"Wane aji take a makaranta?"

Ya kawar da kai gefe.

"Da wane hannu take cin abinci? Bahaguwa ce, Abban Sumayya, irinka. Ko wannan ba ka sani ba."

Fuskarsa ta murtuke. "To, mu shiga. Ke kika zaɓa."

Ƙarfe tara da rabi ɗan sanda ya buga ƙofa ya ce, "Koootu!" Kowa ya miƙe ban da Inna. Ba wanda ya kula, tsohuwa ce.

Alƙalin dattijo ne siriri, tabarau a ƙarshen hanci, littattafan fiƙihu jibge a damansa. Sai da aka gama da wata mai neman khul'i da wasu masu rigimar kayan ɗaki, sannan magatakarda ya kira Nazir da Batulu.

Lauyan Nazir, Barista Badamasi, ya miƙe ya gyara kwat. Ya miƙa katin ɗaurin auren, mai ruwan zinare, wanda Manniru ya buga guda ɗari uku don murna.

"Ya mai shari'a, wadda ake ƙara za ta auri mutumin da ba muharramin yarinyar ba ne. Da zarar ta tare, haƙƙinta na riƙo ya faɗi. Muna roƙon a miƙa yarinya ga kakarta ta wajen uba, wadda ke da lafiya da wadata da masu hidima."

Alƙali ya dubi Batulu. "Kina da lauya?"

"Ba ni da shi, Allah ya gafarta Malam."

"Maganar auren gaskiya ce?"

"Gaskiya ce."

"To Barista, ka yi tsalle ka tsallake mutum. Kafin a je dangin uba sai an ƙare na uwa. Batulu, mahaifiyarki na da rai?"

"Ga ta nan zaune."

Alƙali ya leƙa ta saman tabarau. "Baiwar Allah, ke kika haife ta?"

Inna ta kawar da kai, don Batulu 'yar fari ce. "Haka ake cewa, Allah ya gafarta Malam."

Aka yi dariya, har da alƙalin.

"Za ki iya riƙe jikarki?"

"Tun tana tsumma a ɗakina take kwana. Ni na yaye ta, ni na koya mata Fatiha. In ban da surutu ba ta da aibu."

Alƙali ya ɗauki alƙalami ya fara rubutu. Barista Badamasi ya juya ya dubi Nazir, ya ɗan girgiza kai. Batulu ta ji wani abu da ya kwana tara a ƙirjinta ya fara sauka.

Sai ta ji motsin benci a bayanta.

"Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in ce wani abu."

"Kai ne wa?"

"Sunana Manniru. Ni ne mai neman auren."

Batulu ta juya, ta zuba masa ido tana roƙonsa ba tare da ta buɗe baki ba. Ya gyaɗa mata kai alamar ta kwantar da hankalinta. Ya zaci tsoro ne kawai.

"Ba na so kotu ta tashi da shakku a kan inda yarinyar za ta zauna," ya ce, yana zaro hotuna daga ambulan. "Gidana ne a Kubwa, wanda gwamnati ta sayar mana. Wannan ɗakin Sumayya ne, ita ta zaɓi fentin. Wannan na Inna ne, kusa da namu, don ba zan raba uwa da 'ya ba, gaba ɗaya za su tare. Na fasa matakalar ƙofa na yi gangare saboda keken marasa lafiya. Ga ƙarfen dafawa na sa a banɗaki, saboda larurarta."



Barista Badamasi ya miƙe a hankali, kamar mai tsoron kada tsuntsu ya tashi. "Ya mai shari'a, ko za a tambayi mai maganar wace larura ce?"

Manniru ya dubi Batulu. Sai yanzu ya ga fuskarta da kyau.

"Ka amsa," in ji alƙali.

"Shanyewar ɓarin jiki," Manniru ya ce. "Amma ta samu sauƙi ƙwarai..."

Alƙali ya ajiye alƙalami. Ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Malam Manniru, na ga hotunanka. Da a ce kirki ake aunawa a nan, da na sallame ku tuntuni. Amma abu biyu ka faɗa, kowanne kuma yana da nauyi. Na farko, kakar da riƙo ya koma hannunta ba ta zama gida ɗaya da uwar da haƙƙinta ya faɗi. In ba haka ba, yarinya na gidan mijin uwarta ke nan, suna kawai aka canza. Na biyu, mai riƙo sai ta kasance tana iya hidimar kanta da ta yaro. Batulu, ke ko Inna kuna da 'yan'uwa mata?"

"Babu. Ni da ita kaɗai muka rage."

"To daga ita sai dangin uba."

"Allah ya gafarta Malam!" Inna ce. Muryarta ta cika ɗakin. "Wa ya ce zan bi su Kubwa? Ni ban ce ba. Ina nan ɗakina a Mararaba, ni da yarinyar. Su je su yi aurensu. Da ƙafata nake zuwa ko'ina, yaron nan ne ke da son ƙarin gishiri."

"Inna," Batulu ta ce a hankali.

"Ke rufe mini baki, ana magana da manya."

Alƙali ya dube ta da tausayi. "Hajiya, ba sai kin..."

"A'a, bari ka gani da idonka."

Ta dafa benci da hannun dama ta yunƙura. Ta ɗago kamar taki ɗaya, jikinta na rawa, jijiyoyin wuyanta sun miƙe. Mayafin ya zame. Hannun hagu ya sulale daga cinyarta ya rinƙa lilo. Ta cije leɓe ta sake yunƙurawa, ƙafar ta lanƙwashe, ta tafi gefe guda. Batulu ta yi tsalle ta tare ta kafin kanta ya bugi bango.

"Zanin ne ya harɗe ni," Inna ke faɗi, tana haki. "Sake ni in sake. Zanin ne."

Wata mata a bencin baya ta fashe da kuka. Nazir ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Alƙali ya mayar da tabaransa. "Ki saurare ni, Batulu. Har yanzu ba a ɗaura ba, ba ki tare ba, saboda haka haƙƙinki na nan, ba mai taɓa shi. Idan aure na nan, zan rubuta cewa ranar da kika tare yarinya ta koma wajen kakarta ta wajen uba, kina zuwa ganinta. Idan an fasa, in kori ƙara. Ku je ku yi salla. Ƙarfe biyu ina jiran amsa daga bakinki."

A bayan kotun akwai wata bishiyar mangwaro inda masu buga takardun rantsuwa ke ajiye teburansu. Duk sun tafi masallaci. Nan Manniru ya sami Batulu, zaune a kan bulo.

Ya tsaya a gabanta, ya kasa zama.

"Ni na kashe ki, Batulu. Da bakina."

"Ba ka faɗi ƙarya ba."

"Me ya sa ba ki gaya mini in yi shiru ba? Kalma ɗaya!"

"Na yi niyya tun jiya." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Kunyarka na ji. Na ce wannan bawan Allah bai taɓa ɓoye komai ba, ranar farko da zai tsaya mini a gaban hukuma in koya masa ɓoyo? Na ce Allah zai sa ka yi shiru da kanka."

Ya durƙusa a gabanta, bai damu da ƙasar da ta ɓata masa wando ba.

"Akwai hanya. Zan kama wa Inna gida a layinmu, ko bayan katangarmu. In ɗauko mata mai aiki, biyu ma. A rubuta gidanta daban."

"Wa zai juya ta in gefenta ya gaji? Wa zai yi mata wanka? Ka san ko Rosemary ba ta yarda ta ga jikinta. In bar uwata a hannun 'yar aiki, in bar 'yata a hannun 'yar aiki, ni in haye gado in ce ni amarya ce?" Ta girgiza kai. "Kuma ka ga lauyan nan. Ranar da Sumayya ta yi barci a ɗakina sau ɗaya, washegari sammaci zai zo."

"To mu ɗaura, mu ɗaukaka ƙara. Zan nemo babban lauya."

"Shekara nawa ake yi a sama? Biyu? Uku? Duk Sumayya na Maitama. Hajiyar Nazir ba ta taɓa ɗaukarta ba, Malam. Ranar suna, cewa ta yi yarinyar ta ɗebo hancin talakawa. Za su saya mata komai, na sani. Amma in ta farka tana neman wanda zai sosa mata baya, wa za ta kira? Ranar da za a dawo mini da ita, gaishe ni za ta yi kamar baƙuwa."

"Zan jira."

"Kar ka ce haka."

"Wallahi zan jira. Shekara shida na yi ni kaɗai bayan rasuwar matata, ban mutu ba."

"Har yaushe?" Ta ɗago ta dube shi sosai. "Liman ya gaya mini, riƙon 'ya mace ba ya ƙarewa sai ta yi aure ta tare. Shekararta biyar, Manniru."

Bai taɓa jin ta kira sunansa ba sai yau.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Ta bar shi ya yi, ita ma tana yi. Daga masallaci aka ta da iƙama, ba wanda ya motsa a cikinsu.

"Kwana na yi ina zaɓar hotunan nan," ya ce daga baya. "Ina ta murna. Na ce yau za ki ga ba ki zaɓi banza ba."

"Na gani. Duk kotun ta gani." Ta ja majina da gefen mayafi. "Tun da nake, ba namijin da ya taɓa tuna cewa uwata na buƙatar abin dafawa. Ko ni ban tuna ba. Shi ya sa abin ya fi ciwo."

"Ki ce mini in yi wani abu. Ko mene ne."

"Tashi ka yi salla. Ka roƙa mini kada muryata ta ƙi fita."

Ƙarfe biyu da kwata kotu ta dawo. Inna ta kama gefen zanin Batulu lokacin da za ta wuce.

"Ke, kar ki yi wauta saboda ni. Ni saura kwana nawa?"

Batulu ta zare zanin a hankali ta je ta tsaya.

"Batulu," in ji alƙali, "auren Asabar yana nan ko an fasa?"

"An fasa, Allah ya gafarta Malam."

"Ɗaga murya, magatakarda bai ji ba."

"An fasa."

"Wani ya tilasta ki?"

"Ba wanda ya tilasta ni."

Alƙali ya yi rubutu mai tsawo. Ya tambayi ɓangaren Nazir ko suna da sauran magana, lauya ya ce babu. Sannan ya karanta: riƙon Sumayya na nan a hannun mahaifiyarta muddin ba ta yi aure ba, uba na da damar ziyara, an kori ƙara, wanda bai gamsu ba yana da kwana talatin ya ɗaukaka.

Magatakarda ya tura mata takarda ta sa hannu. "Barka, Hajiya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ba lauya ba komai, kin kayar da Barista."

A baranda Nazir ya tare ta. "Tunda an fasa, maganata ta safe na nan."

Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Ranar Lahadi Sumayya na gida, in kana son ganinta. Aji ɗaya take, don kada ka tambaye ta."

Manniru ya kawo motar har bakin ƙofa. Ya shiga ya ɗauko Inna ya zaunar da ita. Har suka wuce barikin soja suka gangara Nyanya Inna na jan carbi da hannu ɗaya, hawaye na bin kuncinta.

A ƙofar gida ya shigar da tsohuwar ɗaki, ya fito ya tsaya a zaure yana juya makulli a hannu.

"Jibi Inna na da gashin ƙashi a asibiti. Zan zo ƙarfe bakwai."

"Kar ka zo."

"Batulu, kai ta kawai zan yi. Ba sai kin yi mini magana ba."

"Na sani. Jibi ka zo, mako mai zuwa ka zo, wata rana in duba in ga ba zan iya ba." Ta riƙe ƙyauren da hannu biyu. "Yau na iya faɗa sau biyu a gaban alƙali. Ba ni da ta uku. Don girman Allah, in kana ƙaunata, ka canza wajen cin abinci."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya gyaɗa kai, ya juya.

Ta tura ƙyauren ta jingina da shi. Tana ji ya buɗe motar, ya rufe. Ta tsaya tana jiran ƙarar injin, injin bai tashi ba.

Daga cikin ɗaki Inna ta kira ta, a karo na farko da sunanta.

"Batulu. Zo ki juya ni."